Bukin Littattafai: Amsoshin Tambayoyin Marubutan Waya, Iyaye da Masu Zuwa Sauraro

Da zarar an sanar da ranar wani bukin littattafai a Kaduna ko Kano, sai tambayoyi su fara shigowa, kuma kusan kullum su ne dai na bara. Marubuciyar da take sayar da labarinta a WhatsApp tana so ta ji ko akwai abin da za ta ƙaru da shi. Uba yana tambayar ko zai iya zuwa da 'ya'yansa. Ɗalibi kuma yana tsaye a bakin ƙofa, gani yake taron na manya ne masu Turanci. Na daɗe ina halartar irin waɗannan tarurruka, wata rana a kujerar masu sauraro, wata rana a ɗakin yara ina raba fensir da takarda. Amsoshin da na saba bayarwa ne na tattara a nan.

Mene ne bambancin bukin littattafai da baje kolin littattafai?

Baje koli kasuwa ce. Kamfanonin ɗab'i ke kafa rumfuna, a sayi littafi, a ƙulla cinikin fassara da na rarrabawa. Wanda ake yi a Frankfurt ta ƙasar Jamus duk watan Oktoba shi ne uban tafiya a wannan ciniki. Na Alƙahira tun 1969 ake yin sa, na Sharja tun 1982, na Bolonya a Italiya kuwa tun 1964 littattafan yara ya sa a gaba.

Shi buki taron mutane ne. Ana sayar da littafi, amma abin da ya tara jama'a shi ne marubuci ya zauna a gaban masu karanta shi, a yi muhawara, a karanta waƙe, a koyar da masu tasowa, a ware wa yara nasu ɗakin. A Najeriya, bukin Ake da Lola Shoneyin ta fara a Abeokuta a 2013 ya taimaka ƙwarai wajen fito da wannan salo. Ita ce kuma ta jagoranci shirya na Kaduna, wato KABAFEST, wanda aka fara a 2017 da haɗin gwiwar gwamnatin jihar. A 2021 sai ga HIBAF, bukin littattafai da fasahohin Hausa da Sada Malumfashi ya assasa, shi ma a Kaduna aka buɗe shi.

Ni da Hausa kawai nake rubutu. Ina da gurbi a irin wannan taro?

Kana da shi. Ba zan ɓoye maka ba, a bukukuwan da suka fi suna yawancin zaman da Turanci ake yi, kuma sau da yawa zama ɗaya ake ba marubutan Hausa, a jera mutum huɗu a kan dandamali a ce su bayyana halin da adabin Hausa yake ciki cikin awa guda. Wannan bai isa ba, kuma irin giɓin da HIBAF ya zo cikewa ke nan.

Amma kada ka ɗauki kanka baƙo. Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya kafu ne da gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta fito da Abubakar Imam, Bello Kagara, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Gwarzo. Sama da shekara 90 ke nan. Kafin su kuma malamai sun daɗe suna rubuta waƙoƙi da ajami. Wanda ya gaji wannan ba ya shiga zauren adabi yana sunkuyar da kai. In ka tashi yin tambaya, yi ta da Hausa. A Kaduna ko Kano ba za a rasa mai fassarawa ba.

Ana ta cewa mutanenmu sun daina karatu. To me ya kawo maganar wallafa ta intanet?

Ba su daina ba, wurin karatun ne ya sauya. Daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa bayan 2000, littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano sun cika gari. Marubuci ya biya kuɗin bugu daga aljihunsa, ya kai wa dillalai a Bata da kasuwar Sabon Gari, daga can littafi ya kama hanyar Zariya, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram. A unguwanni akwai masu bayar da haya, littafi ɗaya ya zaga gida goma kafin bangonsa ya cire. Kashi-kashi ake raba labari, na ɗaya, na biyu, na uku, mai karatu yana ta sintiri wurin mai shago yana tambayar ko ci gaban ya fito.

Da takarda ta yi tsada, waya kuma ta shiga hannun kowa, sai wannan ɗabi'a ta kwashe kayanta ta koma Facebook, WhatsApp da Wattpad, daga baya manhajoji irin su ArewaBooks. In ka lura tsarin yana nan yadda yake. Har yanzu kashi-kashi ake sakin labari, har yanzu mata ne ke riƙe da harkar, kuma har yanzu marubuciya ita ce mai bugawa, ita ce mai talla, ita ce mai karɓar kuɗi. Abin da ya ɓace shi ne ɗan tsaikon da ke tsakanin rubutu da fitarwa. A da, ko babu edita, akwai mai buga rubutun a kwamfuta da zai iya tsintar kuskure, akwai makonnin jiran maɗaba'a da marubuci zai sake tunani. Yanzu shafin da aka rubuta bayan isha'i, kafin a kwanta har an karanta shi an yi sharhi.

Don haka bukin da zai yi maganar littafin Hausa bai tanadi zama a kan rubutun waya ba, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Ina sayar da labarina a WhatsApp, kuma ina samun masu saye. Me buki zai ƙara min?

Da farko dai, sannu da ƙoƙari, domin abin da kike yi sana'a ce. Kin saki shafukan kyauta a matsayin ɗanɗano, kin tsaya a inda labari ya ɗau zafi, kin sa lambar asusu ko kin ce a turo katin waya, mai saye ta turo shaidar biya, kin sa ta a guruf. Babu wani kamfanin ɗab'i da ya koya miki wannan.

Abin da guruf ba zai ba ki ba shi ne idon da ba ya jin kunyarki. Masoyanki za su ce labari ya yi daɗi, a ƙaro shafi. Edita kuwa zai ce babi uku na farko duk abu ɗaya suke faɗa, ko ya nuna miki cewa yarinyar da kika ce marainiya ce a shafi na 5, mahaifinta ya yi magana a shafi na 60. A zaman horaswa na buki ake haɗuwa da irin waɗannan mutane, kuma rabin awa da ɗayansu a kan shafi biyar na rubutunki zai iya canza yadda kike aiki. Da yawa daga cikin matan da suka shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, a gasar suka fara ɗanɗana abin da ake nufi da taƙaita labari, saboda an ƙayyade musu yawan kalmomi, dole kowace jimla ta yi aiki.

Sai kuma masu fassara da masu neman labarin fim ko na rediyo. Wani littafin Balaraba Ramat Yakubu da Aliyu Kamal ya mayar Turanci, a Indiya aka buga shi a 2012, mutanen da ba su taɓa jin sunan Kano ba suka karanta shi. Irin wannan hanya ba ta buɗewa sai an ga juna.

An fitar min da littafin kuɗi, ana yawo da shi kyauta. Akwai abin da zan iya yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ciwo, kuma ban taɓa zama a taron marubutan waya ba a ɗaga ta ba. A wani zama da na halarta, wata baiwar Allah ta miƙe lokacin tambayoyi, da goyo a bayanta. Ta ce wata huɗu ta yi tana rubuta littafinta da babban yatsa, da daddare bayan yara sun yi barci, wani lokaci wayar tana jone da caji tana tsugune kusa da bango. Kwana biyu da kammalawa, ƙanwar mijinta ta turo mata littafin daga wani guruf tana cewa ga wani labari mai daɗi ta karanta. An haɗe shi wuri ɗaya, an cire sunanta daga sama. Ta ɗaga wayar tana nuna mana, hannunta yana rawa. Zauren ya yi tsit, domin rabin waɗanda ke ciki an taɓa yi musu haka.

Ta fuskar doka, haƙƙinki yana nan. A Najeriya, da zarar kin rubuta abu ya tabbata a takarda ko a na'ura, ya zama mallakinki ba sai kin yi rajista ba, kuma kariyar tana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi hanyar rubuta wa mai shafin intanet takardar neman ya sauke abin da aka ɗora ba da izini ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya kuma tana karɓar rajistar aikin marubuci, wadda za ta zame miki hujja in rigima ta taso. Wannan yana aiki a kan shafukan da ke tara littattafan mutane suna cin kuɗin talla da su, da tashoshin YouTube. A cikin WhatsApp kuwa, inda abu ke tafiya daga hannu zuwa hannu, da wuya a kamo bakin zaren.

Abin da ya rage shi ne rage ɓarna. Ki ajiye asalin rubutunki da kwanan watansa, ki tura wa kanki ta imel. In PDF kike sayarwa, ki sa sunan mai saye a kowane shafi, ko ba komai za ta yi tunani kafin ta tura. Ki riƙa sa sunanki a tsakiyar babi, ba a sama kaɗai ba. Manhajar da ba ta bari a kwafi rubutu tana taimakawa, duk da dai mai niyya zai ɗauki hoton shafi. Ku kuma masu karatu, kun sha ganin marubuciya ta rubuta a saman shafi cewa ba ta yafe ba. Ba rowa ba ce. Kuɗin data ne, da barcin da ba ta yi ba, kuma haƙƙi ne da za a tambaye ku.

PDF ko EPUB, wanne ya fi?

PDF kamar hoton shafi yake, yadda aka tsara shi haka zai fito, shi ya sa a ƙaramar waya sai an yi ta ja ana buɗawa. EPUB kuwa rubutun yana bin girman fuskar waya, mai karatu ya ƙara girman harafi yadda idonsa ke so. Ga dogon labari EPUB ya fi. Ga littafin yara mai zane, inda hoto da rubutu dole su zauna wuri ɗaya, PDF ya fi sauƙi. In dai PDF za ka yi don waya, ka tsara shafin ƙarami tun farko, kada ka yi shi da girman takardar ofis.

Dole ne sai na sa haruffa masu ƙugiya? Ai ana gane abin da nake nufi.

Babba yana ganewa saboda ya riga ya san maganar. Amma fada daban, faɗa daban. Baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce, kusa ba ƙusa ba ce. Yaron da yake koyon karatu abin da ya gani shi zai furta, haka ma wanda ya koyi Hausa da girmansa, haka ma na'urar da ke karanta wa makaho rubutu. Uzurin da ake bayarwa a da shi ne babu haruffan a waya. Yanzu in ka ƙara Hausa cikin harsunan Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta waya, ɓ da ɗ da ƙ za ka same su. Sai dai ka duba irin zanen harafin da za ka tsara littafi da shi, domin wasu ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a madadin ƙ. Noto da Charis suna da su, Andika kuma don masu koyon karatu aka zana shi. Marubutan Nijar suna rubuta ƴ inda na Najeriya ke rubuta 'y. Duk wanda ka ɗauka, ka tsaya a kansa har ƙarshen littafi.

Raba kalma da haɗe ta ma haka. "Ya ce" kalma biyu ce, "shi ne" kalma biyu ce. Zaman ƙa'idojin rubutu shi ne wanda mutane suka fi gujewa a buki, ni kuwa shi nake fara ba kowa shawara.

In na ɗora littafina a manhaja, ya tsira ke nan har abada?

A'a. OkadaBooks, wadda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ta zama gidan littattafan marubutan Najeriya masu yawa, har da na Hausa. A ƙarshen Nuwamba 2023 ta rufe. Wanda yake da kwafin aikinsa a hannu ya ɗauka ya kai wani wuri. Manhaja shago ce da kake haya, ba rumbunka ba. Ka ajiye aikinka a wuri biyu ko uku, kuma kafin ka amince da sharuɗɗan kowace manhaja ka nemi amsar abu uku: kaso nawa za su cire, yaushe suke biya, kuma kana da ikon janye littafinka ka kai wani wuri?

Littafin waya yana buƙatar ISBN?

In a guruf za ka sayar, ba ya buƙata. In kana so shagunan littattafai da ɗakunan karatu su san da shi, yana buƙata. Lambar shaidar littafi ce mai alƙaluma 13, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita a Najeriya, kuma na takarda da na na'ura kowanne da tasa. Wanda ya buga na takarda, doka ta ce ya kai musu kwafi uku.

Wani mai tashar YouTube ya ce zai karanta littafina. In yarda?

Karatun littafi a rediyo tsohuwar al'ada ce a wurinmu, kuma ta kai labari ga uwayenmu da ba su yi boko ba. Tashoshin YouTube ita suka gada, sai dai su kuɗi suke samu. Don haka ku yi magana a fili: sayen izini zai yi gaba ɗaya ko kaso zai riƙa ba ki, na tsawon wane lokaci, kuma shi kaɗai ko kina iya ba wani. A rubuta, kowa ya sa hannu. Doka ma ba ta amincewa da sayar da haƙƙi ko keɓe shi ga mutum ɗaya sai a rubuce. Kuma izinin karantawa daban, izinin mayar da labari fim daban. Kada a haɗe miki su a jimla ɗaya.

Yaya zaman tattaunawa da marubuci yake gudana?

Galibi awa guda ne ko ƙasa da haka. Marubuci yana zaune da mai gabatarwa wanda ya karanta littafin, a fara da ɗan karatu daga ciki, su tattauna, sannan a ba jama'a abin magana. Bayan an tashi sai a koma teburin sa hannu. Jin marubuci yana karanta abin da ya rubuta da muryarsa wani abu ne daban. Jimlar da ka wuce da gudu a takarda sai ka ji ashe nan ne zuciyar labarin.

Roƙona ga masu tambaya shi ne a tausaya wa lokaci. Minti goma sha biyar ne kawai ake warewa, in mutum ɗaya ya cinye biyar yana gaisuwa da ba da tarihin kansa, ya hana mutum uku. Sallama, sunanka, tambayarka. Kuma tambayar da ta fito daga cikin littafin ta fi amfani. "Hajiya, me ya sa kika bar uwargidan ta yi shiru a wurin rabon gado, alhali tun farko ba mai shiru ba ce?" Irin wannan tana sa marubuciya ta gyara zama. "Malam, wace shawara za ka ba matasa?" kuwa ya amsa ta sau ɗari.

Ana taɓo maganar tarbiyya da rubutun batsa, ko kauce mata ake yi?

Ana taɓowa, kuma ya kamata. Muhawarar ta girmi waya. A 2007 har ƙona littattafan hikaya aka yi a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Yau kuma ba mai musun cewa akwai masu cusa batsa a labari don a saya, kuma yana faɗawa hannun 'yan mata ƙanana. Ra'ayina shi ne a rarrabe. Marubuciyar da ta rubuta auren dole, ko fyaɗe, ko wulaƙancin da ake yi wa bazawara, ba ita ta ƙirƙiro su ba, kuma rufe mata baki ba zai kawar da su ba. Wadda ta mayar da shimfiɗar aure hajar sayarwa kuwa, 'yan'uwanta marubuta ne suka fi cancanta su gaya mata gaskiya ido da ido. Buki yana ba da wannan dama, a yi ta cikin mutunci, ba kamar zage-zagen da ake yi a ƙarƙashin rubutu a Facebook ba.

Zan iya miƙa wa babban marubuci rubutuna ya duba min?

Kada ka ɗora masa damin takarda a teburin sa hannu. Ka gaishe shi, ka tambaya ko yana duba aikin masu tasowa, in ya amsa ka nemi hanyar da za ka tura masa shafi kaɗan. In ya ce ba shi da lokaci, kada ka riƙe shi a zuci. Rassan Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, suna zaman karatu da gyara a jihohi, can ne wurin wannan aiki.

Me ake yi a ɗakin yara? Ba wurin ajiye su ba ne kawai har iyaye su gama?

A wasu wurare haka ake ɗaukarsa, a ba shi ɗakin da ya rage da mutumin da ya rage. Ni kuwa a ganina duk bukin babu ɗakin da ya kai shi.

Bari in faɗi yadda muke yi. Ana shimfiɗa tabarma, a kawar da kujeru. Mai jagora ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," sai ka ga yaran da suka shigo suna noƙewa sun amsa da ƙarfi, "Ta zo mu ji ta!" A yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, amma a tsaya a tsakiya, a tambaye su me suke jin zai faru. Daga nan a raba wa kowa fallen takarda ɗaya. A ninka ta gida takwas, a tsaga tsakiyarta da almakashi, a tura gefe da gefe, sai ga ɗan littafi mai shafi takwas, ba ɗinki ba gam. Shafin farko bango ne: sunan labari, zane, da sunan mai shi.

A nan ne wata yarinya, ba za ta wuce shekara takwas ba, ta tsaya da fensir a hannu ta ƙi rubuta komai a bangon. Na durƙusa kusa da ita na tambaye ta. Ta ce, "Anti, sunana zan sa? Ai ba a sa sunan yara a littafi." Na ce wa ya ƙirƙiro labarin? Ta ce ita. Na ce to sunan wa za a sa? Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe har ya kusa fita daga shafin. Labarin akuyar kakarta ne da ta cinye littafin lissafin yayanta. Da mahaifinta ya zo ɗaukarta, ba ta bari ya gaisa da kowa ba sai da ya tsuguna ta karanta masa shafi takwas ɗin duka.

Ana kuma yin kacici-kacici, da wasan karya harshe irin su "ƙato ya yi ƙoto, kwaɗo ya yi ƙoto", wanda ke koya wa yaro bambancin k da ƙ ba tare da ya san darasi ake yi ba. In an samu mai zane, ya nuna musu yadda ake fitar da fuskar mai fushi da ta mai dariya da layi uku.

Daga shekara nawa ake kawo yaro, kuma iyaye su zauna?

Daga biyar zuwa goma sha biyu suka fi jin daɗinsa, kuma gara a raba ƙanana da manya. Ɗan ƙasa da biyar sai da babba a kusa. Iyaye su zauna a baya in suna so, amma don Allah kada a karɓi fensir a gyara wa yaro, kada kuma a ce masa zanensa bai yi kama da akuya ba. A tabbatar an rubuta sunan wanda zai zo ɗaukar kowane yaro, kuma kada a ɗauki hoton 'ya'yan mutane a watsa ba da izinin iyayensu ba.

Ɗana makarantar Turanci yake. Ba zai rikice ba in aka yi masa da Hausa?

Ba zai rikice ba. Karatu sau ɗaya ake koyon sa. Yaron da ya gane yadda harafi ke zama sauti a harshen da yake mafarki da shi, da wannan sanin zai shiga Turanci da Larabci. Rubutun Hausa kuma yana da sauƙin kamawa, domin yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. A kan wannan fahimta aka gina shirin RANA a makarantun firamaren Katsina da Zamfara, da littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato. Abin da na sha gani shi ne yaron da ke karanta Turanci da sauri amma in ka tambaye shi me ya karanta sai ya yi shiru. Ka ba shi tatsuniya da Hausa, sai ya fara musu da kai a kan ko Gizo ya kyauta. Wannan musun shi ake nema.

Ina zan samu littattafan yara na Hausa bayan an tashi daga buki?

Nan ne muke da rauni. Marubutanmu sun yi yawa a labarin manya, na yara kuwa sai an tona, saboda yana buƙatar mai zane da bugu mai kala, duka biyun kuma da tsada. Kafin a cike wannan giɓi, akwai African Storybook da wata ƙungiya a Afirka ta Kudu ta kafa, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya. Duka suna da labaran yara masu zane da Hausa, kyauta, ana iya saukewa a karanta ko a buga a firinta. Wasu fassarorin suna da gyara, don haka ka fara karantawa kafin ka ba yaro. Marubucin da ke son gwada hannunsa kuma akwai manhajar Bloom, wadda aka yi don tsara ƙananan littattafai a harsuna irin namu. In a waya za a karanta, a karanta tare, yaro a cinya, babba yana nuna kalma da yatsa. Miƙa masa wayar a tafi wani abu ne daban.

Ana biyan kuɗin shiga? Me zan riƙo?

Kowane buki da tsarinsa, wani kyauta ne da rajista, wani akwai tikiti, zaman horaswa kuma sau da yawa sai an nema tun da wuri saboda kujeru kaɗan ne. Ka duba sanarwar masu shiryawa ta wannan shekarar, kada ka dogara da ta bara. Ka riƙo littafin rubutu, abin cajin waya, da ɗan kuɗin sayen littafi ko guda ɗaya ne. Marubuciya ta zo da shafi biyar na aikinta a buge a takarda.

A garinmu ba a yin irin wannan buki. Sai mun je Kaduna?

Ba sai kun je ba. Ku nemi aron aji ɗaya a makarantar firamare ranar Asabar, ko zauren ɗakin karatu na gari. Ku gayyaci marubuci ɗaya na kusa da ku, ko da a waya take rubutu, a karanta aikinta kafin ranar don a samu abin tambaya. Ku roƙi wata gwaggo da ta iya tatsuniya ta zo da safe saboda yara, malamin Hausa na sakandare kuma ya ɗauki awa guda a kan ƙa'idojin rubutu. In kuna neman ranar da za ku jingina da ita, akwai 21 ga Fabrairu ta harshen uwa, 23 ga Afrilu ta littafi, da 26 ga Agusta ta Hausa. Ku sanar da mai unguwa da shugaban makaranta tun da wuri, ku tanadi ruwan sha da tabarmi. Rim ɗin takarda falle 500 ne, kowane falle littafin yaro guda. Almakashi biyu sun isa, amma fensir ku sayo da yawa, domin ba ya dawowa.